Motar Baffan Amarya

Kai da kake cewa sai ranar tafiya za ka leƙa ƙarƙashin motarka, tsaya ka ji yadda ta kaya da wani mai sayar da yadi a garinmu. Mutumin nan bai iya zama wuri ɗaya ba, ko shayi a tsaye yake sha. Ya sayi wata tsohuwar Fijo, irin wadda iyayenmu suka yi yayi, ya ɗora mata son duniya. Yau tana wurin mai fenti, gobe wurin mai ɗinkin kujeru, jibi ana goge mata fitilu. Amma da ta faɗa rami sai ka ji ƙwal-ƙwal daga gaba, sitiyari na rawa a hannu. Bakanikensa ya gaya masa bushin ne suka cinye, robobin nan da ke riƙe ƙafafun mota, ya bar ta ta kwana a sauya su, a duba birki da sauran abin da ido ba ya gani. Ina! Kullum sai wani satin. Ga shi ƙaninsa da ke can garinsu ya ba shi waliccin 'yarsa ta fari, don ka san uba ba ya ba da 'yarsa da bakinsa alhali yana da wa a raye. Za a ɗaura bayan sallar Juma'a, shi kuwa ya ci burin a ga baffan amarya ya sauko daga wannan mota.

Ranar da safe, ko layinsu bai gama fita ba motar ta fara ja gefe guda kamar akuya a igiya. Ya faɗa gareji da babbar rigarsa, a yi sauri, a yi sauri. Da aka ɗaga ta, robobin duk sun farfashe, ƙarfe na cin ƙarfe. Aka zaga masu kayan mota, suka ce irin na wannan tsohuwa sai an aika Kano. Bakanike ya ce ya bar ta nan ya nufi tasha tun da sauran lokaci. Gogan naka ya ce shi da motarsa? A dai yanko tsohuwar taya a cusa, ta kai shi. Yana kai gwauro yana kai mari har aka cusa, bai ma bari an duba sauran ba ya ja ta. Ta yi ta tafiya kuwa, har ya fara yi wa bakanike dariya a ransa. Sai da kwalta ta ƙare aka shiga gargada robar ta fice, ƙafar gaba ta karkace, da kyar ya gangara da ita bakin wata gonar dawa. Allah Ya tsare, ko ƙwarzane bai yi ba. Amma motocin haya duk a cike suke wucewa, yana ɗaga hannu yana gumi har ya jiyo huɗuba daga wani ƙauye. Can wayarsa ta yi ƙara, ƙaninsa ne, murya a sanyaye.

"Yaya, liman ya jira ka har mutane suka fara tashi. Maƙwabcina ne ya ba da ita."

Kunya ta rufe gogan naka, ya zauna a kan kunyar dawa da sabuwar shaddarsa. To ka ji, ba a banza Hausawa suka ce ba a fafe gora ranar tafiya ba.