Gadin Tabarma

Ina shara abokin aikin maigidana ya yi sallama, wandonsa duk laka.

"Yaya, sai haƙuri. Rijiyar ta rufta da shi."

Tun da ruwa ya yi ƙaranci aka hana masu wankin mota taɓa famfo. Maigidana ya dawo zaman gida, ni kuwa na hana shi sakat.

"Maza na can suna yasar tsohuwar rijiyar bayan gareji, kai kana gadin tabarma!"

Dariya ya yi. "To, ranki ya daɗe, na tafi."

Da ruwan famfon aka yi wa gawarsa wanka, har ya ragu.

Yanzu kowace safiya, in 'ya'yana za su fita nema, nakan guntsi ruwa a baki. Ba na haɗiyewa sai sun sha kwana.