Tunkiya Mai Harbi

Ma'aunin zafi yana bakin Nobue lokacin da surukarta ta ja ƙofar ɗaki ba ko gyaran murya.

"Har yanzu kina kwance da tsinken gilashi a baki? Shinkafar ce za ta dafa kanta?"

Nobue ta ci gaba da kwanciyarta. Likita ya ce kowace asuba ta auna zafin jikinta kafin ta motsa, da haka ake gane 'yan kwanakin da ciki ke shiga. Ya kuma gaya mata abin da ya fi wannan ɗaci: ƙarin da ke mahaifarta yana girma, baɗi war haka dole a cire mahaifar ɗungurungum. In za ta haihu, to bana za ta ɗauka. Shekararta tara a gidan mijinta Shozo, ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba.

Duk tsawon shekarun nan tsohuwa Kinu, uwar Shozo, ta hana ta sakat da gorin haihuwa. Amma bazara na shigowa ta sauya waƙa, domin cikin da ya shiga yanzu a shekarar Dokin Wuta za a haife shi. Kowa a garinmu na masunta ya san zancen: sau ɗaya take zagayowa cikin shekara sittin, kuma macen da aka haifa a cikinta goɗiyar wuta ce, sai ta cinye mijinta. Ni dai ban taɓa ganin goɗiya ta ci nama ba, amma je ka faɗa wa Kinu.

Ita Kinu 'yar shekarar Tunkiya ce, wadda ke bin bayan ta Doki, shi ya sa matan gari ke cewa ba su taɓa ganin tunkiya mai harbi irinta ba. Teku ya haɗiye mijinta tun Shozo yana goye, ta rene shi da sayar da busasshen kifi, kuma tun daga ranar ba wanda ya ga haƙorinta.

Ba ta san karatun ma'auni ba, amma tana da ido. Tana lura da tsummokaran al'ada da Nobue ke shanyawa a bayan gida, ta yi nata lissafin da yatsu. Da kwanakin sun ƙarato sai ciwon bayanta ya tashi, ta jawo katifarta ta shimfiɗa tsakanin mata da miji. Wata na biye ta tura Shozo kamun kifin nesa a jirgin maƙwabci. Na uku kuwa aka tsinci ma'aunin a farfashe ƙarƙashin takalmin katakonta. Shozo ya gani ya sunkuyar da kai. Jarumi ne a kan ruwa, a gida kuwa kyanwa ta fi shi baki.

Ranar Nobue ta tare Kinu a madafa.

"Inna, shekara tara kuna kirana juya. Yanzu ina nema kuna tarewa. Me na tsare muku?"

"Ki jira Dokin ya wuce."

"Mahaifata ba za ta jira ba, kun sani sarai. In mace ce sai mu ɓoye ta, a rubuta haihuwarta a shekarar gaba, yadda magabata suka yi."

Kinu ta caka wuƙa a cikin kifin da ke gabanta. "Takarda ake yi wa ƙarya, 'yar nan. Teku ba ya karatu. Gara gidan nan ya ƙare a kan ɗana da a haifo annoba a cikinsa."

Daga ranar gaisuwa ta mutu a tsakaninsu. Nobue ta sayo sabon ma'auni ta ɓoye cikin ɗamararta, ta riƙa shanya tsummokara a kwanakin ƙarya. Tsohuwa tana can tana gadin ɗaki, ita kuwa takan kai wa mijinta abincin rana a rumfar gyaran taru, ta ja ƙyaure.

Da kaka zafin ya hau bai sauko ba, alamar ciki ya shiga. Da aka sanar da Kinu, ta kife kwanon miyarta a kan tabarma.

"Ki roƙa ya zo namiji. In mace ce, hannuna ba zai taɓa ta ba."

Ta koma ƙuryarta da jan yadi, ta shiga ɗinka rigar nan marar hannu da hularta, wadda mutum ke sawa ranar da shekarar haihuwarsa ta zagayo, ya cika sittin. Nata bikin sai shekarar Tunkiya, da sauran fiye da shekara. Nobue ta taɓe baki ta ce wa mijinta, "Jikanta ko tsumma bai samu ba, ita ta ƙosa a yi mata biki."

Safiyar farko ta shekarar Dokin Wuta, Nobue ta farka da asuba kamar yadda ma'auni ya saba mata. Ta ji ƙamshin turare daga ɗakin da ake ajiye hoton marigayi, ta ji muryar tsohuwa ƙasa-ƙasa. Zuciyarta ta ba ta cewa bakin da aka saba ake yi wa cikinta. Ta dafe mara, ta taka da ƙarfi, ta fizge ƙofar da niyyar yau a yi ta ta ƙare.

Kinu tana durƙushe gaban hoton mijin da teku ya ci, goshinta a ƙasa, sanye da jar riga da jar hula. Ba ta waiwayo ba.

"Me kike kallo? Shekara sittin ina amsa sunan tunkiya, alhali goɗiya ce ni. Rufe min ƙofa."