Gaisuwar Ɗalhatu

Tun da aka hana ɗan Adam tuƙa jirgin sama, masu sha'awar tuƙi a Funtuwa suka koma wa jirgin kwaikwayo na kwamfuta a shagon Malam Isiyaku. Can Sa'adatu ta kai sandar tuƙin mijinta Ɗalhatu bayan ta fita takaba.

"Malam, a ba wani. Ba na son ganinta."

Isiyaku ya shafa inda tafin marigayin ya cinye fentin. "Allah Ya jiƙan Ɗalhatu. Kullum ya zo saitin gidanku a allo sai ya karkata fiffiken hagu, wai yana gaishe ki."

Sa'adatu ta ɗago kai ta dube shi.

"Malam, ƙaramin jirgin nan mai kai magani, wanda ba kowa a ciki, haka yake yi a kan gidana kowace safiya. Na zaci lalacewa ya yi!"

"Innalillahi!" Isiyaku ya saki sandar kamar ta ƙone shi. "Ashe masu wannan jirgin kwaikwayon salon tuƙinmu suke kwashewa suna koya wa jiragen gaske? Da izinin wa?"

Washegari da ta jiyo ƙugin jirgin, ta rantse ba za ta leƙa ba. Sai ga ta a tsakar gida, tana gyara ɗaurin ɗankwali.