Giwan Ruwa a Shagon Zulai

Tun da kogi ya ƙafe a Yauri, Malam Jatau masunci ya daina magana. Ranar kasuwa, matarsa Tasalla ta riƙo hannunsa zuwa shagon Zulai, mai zanen katun a kwamfuta. A zamanin nan, wurinta likitoci ke tura masu baƙin ciki. Na'ura za ta ɗauki fuskar mutum, ya ga kansa ya rikiɗa zuwa dabbar da ransa ke so, ya yi yawonsa, ya dawo mutum, zuciya ta yi sanyi.

"Baba, kalli bangon nan," in ji Zulai.

Sai ga hoton Malam Jatau na zane a bangon, har da hularsa. Ƙafafunsa suka haɗe suka zama wutsiya, rigarsa ta koma ɓawo mai sheƙin azurfa, ya zama giwan ruwa. Shuɗin haske ya cika ɗakin kamar an yi ambaliya. Tsohon ya yi dariya, Tasalla ta dafe ƙirji.

Kifin ya yi ta nisa har ya ɓace. Suka jira, bangon babu kowa sai ruwa.

"Yaushe zai juyo, 'yar nan?" in ji Tasalla.

Zulai ta sunkuyar da kai. "Inna, tafiyar kawai nake zanawa. Dawowa sai mutum ya so."

Tasalla ta dubi mijinta. Yana zaune ido ba ƙiftawa, bakinsa na buɗewa yana rufewa a hankali. Ta gyara mayafinta, ta jawo kujera gaban na'urar.

"Ɗauki tawa fuskar, ki sa ni ta inda ya bi. Tun safe bai ci komai ba."