Hoton Bahago da Aka Datse wa Gefe

Kai da kake cewa hoto in ya hau waya ya zama na kowa, gyara zama ka ji abin da ya sami wani tela.

Sunansa Haladu, kuma duk duniya ba abin da ya tsaya masa a rai kamar dambe. A 'yan damben ma mutum ɗaya ne nasa, Bahagon Tsauni. Don shi ya buɗe zaure a waya, ya tara masoya, kullum aikinsu kambama gwani. To abin da ke riƙe da zauren nan hotuna ne, hotunan kuwa na wani dattijo ne, Jatau mai hoto, wanda ke durƙuso a bakin fili tun la'asar, rana na gasa shi, yana jiran ƙiftawar da Bahago zai saki hannu. Jatau bai hana kowa yaɗa aikinsa ba. Ƙananan hotuna yake sakewa kyauta, manyan na ainihi ya adana a kwamfutarsa, mai son a wanke masa ya zo ya biya. Abu ɗaya tak ya roƙa: a bar sunansa da lambarsa a ƙasan hoton, don da su masu saye ke nemo shi.

Shi kuwa Haladu, ka san hannun tela, ba ya ganin abu bai rage masa gefe ba. A ganinsa rubutun nan ɓata hoto yake yi. Sai ya riƙa datse shi, ya manna tambarin zaurensa a ƙirjin Bahago. Hotuna suka bazu, masu buga kalanda suka kwasa, masu buga riguna suka kwasa, ana ta “Allah ya ƙara basira, Haladu!” Gogan naka ya yi ta shan yabo, ko sau ɗaya bai ce ba shi ya ɗauka ba.

Ran nan Jatau ya tako har shago, ya yi sallama.

“Ɗana, ban ce kada ka sa ba. Sunan kawai ka bar mini, da shi nake ci.”

Haladu ko ƙafa bai ɗaga daga kan keken ɗinki ba. “Haba Baba! Mu da muke yi don ƙauna? Ko sisi ban taɓa karɓa ba. Kuma ai fuskar Bahago ce, ba taka ba.”

“Fuskarsa ce,” in ji tsohon, “amma gwiwata ce ta sha ƙasa.”

Ya sa kai ya fita. Masu saye suka ɗauke ƙafa, don wa zai nemi mutumin da bai san da shi ba? Kafin damina ta faɗi an daina ganin Jatau a bakin fili, kuma abin takaici, duk zauren nan ba wanda ya tambayi inda ya shiga.

Ana nan sai mota ta kife da 'yan dambe a kan hanyar zuwa wasa, Bahago ya riga mu gidan gaskiya. Haladu ya yi kuka kamar ransa zai fita. Ya je gaisuwa, aka kai shi gaban mahaifiyar mamacin, tsohuwa mai raunin ido, wadda ba ta taɓa taka gidan dambe ba, ba ta kuma iya ganin komai a fuskar waya. Ta riƙe masa hannu ta ce, “An ce kai ne mai hotunansa. Wanko mini guda babba, yadda idona zai iya gani.” Ya ce, “An gama, Iya.”

Ina! A wurin wanki aka gane duk abin da ke wayarsa ƙanana ne, sun kuma sha yawo har sun koɗe kamar atamfar da ta ga wanki. Da an ƙara girma sai fuskar ta watse, ido ya haɗe da hanci. Mai wankin ya ce ya nemo na ainihi wurin wanda ya ɗauka. Haladu ya bi hotuna ɗaya bayan ɗaya yana neman lambar Jatau, babu ko guda, shi da hannunsa ya datse su duka. Da ƙyar da tambayar makaɗa ya gano tsohon a wata kasuwar ƙauye, zaune gaban kason albasa.

Jatau bai yi faɗa ba, da ma ya yi da ya fi sauƙi. Cewa ya yi yunwa ta sa ya sayar da kamara da kwamfutar, wanda ya saya kuma ya goge komai. Sannan tsohon ya ce, “Allah ya jiƙan Bahago. Akwai wani da na ɗauke shi yana dariya, ban taɓa sakinsa ba. Shi ya kamata uwarsa ta samu.”

Haladu ya dawo gida. Alkawari kaya ne, dole ya wanke mai dama-dama a cikin koɗaɗɗun, ya sa a gilashi ya kai wa tsohuwa. Ta karɓa da hannu biyu, ta fito da shi haske, ta matso da shi dab da fuskarta, ta daɗe tana dubawa. Sannan ta ɗago ta ce, “Ɗan nan, wannan kuma wane ne?”

Har yau in aka yi zancen dambe a shagon Haladu, sai ya sunkuyar da kai ya ci gaba da ɗinki. Ka ji dalilin da Hausawa ke cewa, garin neman gira an rasa ido.