Naushin da Ya Tsaya a Sama

Kai da ka sayo sabuwar kwamfuta kana kukan ta fi tsohuwa nauyi, zauna ka ji misalin wani mai ɗaukar hoton bukukuwa. Mutum ne mai fara'a, aikinsa kuma ba laifi, sai dai Allah ya jarrabe shi da son gyara. Ko gishiri ya auna a kasuwa, ba ya ɗaga ƙafa sai mai awo ya ƙara masa ɗan dintsi. Ranar da ya je birni sayen kwamfutar tafi-da-gidanka, sabuwa fil a kwalinta, murna kamar ta kashe shi. Aka gama ciniki ya ƙi tafiya, ya ce, "Haba Alhaji, kaya kamar wannan ba gyara?" Mai shago ya rasa me ake ƙara wa kwamfuta, sai ya ce zai zuba masa manhajoji kyauta. To fa, an sosa masa inda yake ƙaiƙayi. Wasannin tseren mota, a zuba. Manhajar zanen gidaje, shi da ko akurki bai taɓa ginawa ba, a zuba. Manhajar da ke gadin kwamfuta daga ƙwayar cuta, mai shago ya ce ɗaya ta isa, shi ya ce a sa masa uku, ai tsaro ba ya yawa. Ya rungumo abarsa baki har kunne, yana ganin ya ci kasuwa. Da ya kunna ta a gida ya ga tana jan ƙafa, ya ce baƙunta ce, za ta sake.

A makon nan ne ɗan damben garinsu ya je wasa wani gari mai nisa, ya kayar da wani gwani da aka daɗe ba a ga bayansa a ƙasa ba. Duk mutanen garin babu wanda ya ɗauki bidiyon wasan sai mai hoton nan, labari kuwa ya riga shi isowa gida. Aka yi shela ran kasuwa bayan la'asar za a haska wasan a gidan kallo. Mahauta suka rufe rumfuna da wuri, makaɗa suka rataya kalangu, har mahaifin ɗan damben, tsoho mai dogara sanda, aka ɗauko shi daga ƙauye a motar 'yan kasuwa aka zaunar da shi a gaba. Mai hoto ya shigo yana taku ɗai-ɗai, ya haɗa kwamfuta da majigi, ya danna. Fankarta ta kama huci kamar mai hawan tudu da buhu a ka. Da ƙyar hoto ya fito. Ga ɗansu nan a fili, ya yi kirari, ya matso, ya ɗaga hannun da aka naɗe da zare ya kawo naushi. Gidan kallo ya miƙe tsaye da ihu, sai hoton ya ƙame, hannu a sama, baki a buɗe. Ya kashe ya kunna, aka yi ta jira, naushi ya sake tsayawa bai sauka ba. Wani mahauci ya ce, "Maigida, ko mu shiga mu sauke masa hannun?" Dariya ta ɓarke, kunya ta rufe mai hoto, gumi ya jiƙa masa riga sharkaf.

Ya saɓi kwamfuta a hammata ya ruga gidan yayar matarsa, malamar kwamfuta a makarantar 'yan mata. Ta duba, ta riƙe haɓa. Ta ce, "Ai lafiyarta ƙalau. Kai ne ka tara mata baƙi, da ta farka duk su farka su hau ta. Masu gadin nan uku ma junansu suke bincike, ba su bar ta ta yi aiki ba." Ya ce, "Yaya, kyauta fa aka ba ni." Ta ce ya zaɓa, ko kyautar ko jama'ar da ke jiransa. Haka ya tsaya yana kallo tana fitar da su ɗaya bayan ɗaya, kowace aka cire sai ya ji kamar haƙori aka cire masa. Ta bar mai gadi guda, ta hana sauran manhajojin da ba ta cire ba tashi tare da kwamfutar, ta kashe ta kunna. Kafin ya gyara tsayuwa kwamfutar ta buɗe.

Ya koma a guje, ya haɗa, ya danna. Wannan karon naushi ya sauka ƙwal a muƙamuƙi, gwanin nan ya zube, ƙura ta tashi. Wayyo daɗi! Kalangu ya ɗauka, huluna suka tashi sama, mahaucin da ya yi masa ba'a shi ya ɗaga shi cak, ana ta a maimaita, a maimaita. Cikin wannan murna ya waiga gaba don ya ga fuskar tsoho, sai ya ga gurbinsa ba kowa. Motar 'yan kasuwa ta cika ta tashi tun yana gidan malama, babu wata kuma sai kasuwa ta zagayo. Aka ce masa har tsohon ya kai ƙofa yana waiwayen bangon da ake haska hoton, yana tambayar wanda ya riƙe masa hannu, "Yaron nan dai ya same shi ko?" Nan daɗin ya fita daga ran mai hoto.

Saboda haka kafin ka zagi kwamfutarka, duba abin da ka ɗora mata. Shi dai mutumin nan ya gani a kansa, garin neman ƙiba ya samo rama.