Malalacin Manomin Majigi

Da hantsi Maikano ya tarar da Azumi a bakin rijiyar Sundimina. Ba ta ɗago kai ba.

"Baba ya ce a mayar muku da goron neman aure. Ya gan ka a majigin gwamnati na tallar takin zamani, kana sharar barci, gonarka duk ciyawa."

"Haba Azumi, wasan kwaikwayo ne! Masu ɗaukar hoton suka ce in kwanta. Sau bakwai ana maimaitawa. Gonar ma ba tawa ba ce."

Ta murmusa, idonta ya kawo ruwa.

"Na faɗa masa. Ya ce irin wannan barcin sai wanda ya saba."

Ta ɗora tulunta a ka.

"Gobe kuma motar majigin za ta Gwaram, garin kawunnaina."